Yadda Ake Buga Sunan Shago a Ƙofar Ƙarfe da Sitensil

Sitensil takarda ce mai ƙwari da ake huda siffar harafi a jikinta, a manna ta a ƙofa ko bango, a cike hudar da fenti. Da shi masu rubutun allon talla ke buga lambar gida da ta Keke Napep, haruffa su fito kai ɗaya.

Kada ka ɓata lokaci da kwali, yana shan fenti ya yi laushi tun a bugu na biyu. Nemi tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, ba ya jiƙewa kuma yana wankuwa. Sai sabuwar reza, tef na takarda, guntun soson katifa, da fentin mai, tunda ƙarfe ne.

Ka buga rubutun da kwamfuta a manyan haruffa masu kauri, ka manna takardar a kan fim ɗin, ka ɗora a kan gilashi. Amma dakata, kafin ka sa reza ka zana gada. Haruffa irin su A, B, Ɓ, D, Ɗ, O, R da lambobi 0, 4, 6, 8, 9 suna da ciki. In ka kewaye su da yanka, cikin zai faɗo, O ta koma dunƙulen fenti. Gada ita ce ɗan siririn da kake bari ya riƙe cikin da sauran fim ɗin, faɗin milimita 3 zuwa 5. O tana son biyu, sama da ƙasa. 8 tana son a riƙe kowane cikinta daban. A nan sabon hannu ya fi yin asara. Wajen yanka inda harafi ya lanƙwasa kuwa, fim ɗin za ka riƙa juyawa, rezar tana wuri ɗaya.

Goge ƙofar da tsumma, musamman lokacin hunturu, don fenti ba ya kama ƙura. Ja layi da alli don kada rubutu ya karkace, sannan ka ɗaure sitensil da tef ta kowane gefe har ya kwanta lif.

Yanzu fenti. Dangwala soso kaɗan, ka daddanna shi a kan tsohuwar jarida har ya kusa bushewa. Sai ka riƙa dannawa a kan hudar, daga baki zuwa tsakiya, ban da gogawa. Duk rubutun da ka ga gefensa ya yi gashi ko ya zubar da hawaye, soson ne ya jiƙe da yawa, fenti ya kutsa ƙarƙashin fim. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. In fentin gwangwani na fesawa ne, ka ja baya kamar santimita 25, ka rufe kewaye da jarida.

Cire sitensil tun fentin bai gama bushewa ba, ka ɗaga shi kai tsaye, kada ka ja gefe. In ka bari ya bushe, zai ɓanɓaro bakin haruffan. Gurbin gadojin kana iya cike su da ƙaramin buroshi bayan ya sha iska. Wanke fim ɗin da kananzir nan take, ka ajiye shi a shimfiɗe tsakanin kwali biyu don kada gadojin su karye.