Kurakuran da ake yi in ana maganar Turawan Sifaniya da mutanen Andes

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ga kalma ta tsira bayan mulkin mallaka, a zaci ma'anarta ma ta tsira. Ga kalmar mit'a. A zamanin sarakunan Inka, masu mulkin yankin tsaunukan Andes na Kudancin Amurka kafin zuwan Turawa, kowane gari kan ba da mutane su yi wa hukuma aiki bi da bi: hanya, gada, gonar sarki. Shi ma sarki da nasa nauyin: ya ciyar da su, ya buɗe rumbunansa in an yi fari. Tushen abin ayni ne, ka taya ni yau in taya ka gobe, kamar dai gayya. A 1573 wakilin sarkin Sifaniya, Francisco de Toledo, ya riƙe sunan, ya tura dubban mutane ramukan azurfa na Potosí, a Bolivia ta yau, ladan kuwa bai taka kara ya karya ba. In ka ji an ce "ai al'adarsu aka ci gaba da ita", tambayi wa ke ciyar da wa.

Sai batun garin Cajamarca a Peru, 16 ga Nuwamba 1532, ranar da Turawan Sifaniya suka kama Atahualpa, sarkin Inka. Ana cewa Atahualpa ya wulaƙanta addini da ya jefar da littafin da malamin coci Valverde ya miƙa masa. Mutumin da jama'arsa ke adana lissafi da ƙullin zare, ta bakin tafinta yake jin maganar, ina ya san alfarmar takarda? Kuma tun kafin Atahualpa ya iso sojojin Pizarro, jagoran Turawan, sun yi kwanton ɓauna.

Kada kuma a ce bakin Turawan ɗaya. A 1539 wani malamin coci, Francisco de Vitoria, ya koyar a jami'ar Salamanca ta Sifaniya cewa 'yan asalin Amurka su ne masu ƙasarsu, Paparoma ba shi da ikon kyautar da ita. Sai dai ya halatta yaƙi in sun hana fatauci ko wa'azi, wannan kuwa ba ƙaramar ƙofa ba ce.

Masu cewa mutanen Andes sun yi shiru su nemi Guaman Poma, ɗan asalin yankin. Wajen 1615 ya kammala wa Sarki Felipe na III na Sifaniya wasiƙa mai shafi kusan 1,200 da zane kusan 400, yana auna Turawan da ma'aunin addininsu. Sai a 1908 aka gano ta a ɗakin karatun sarki na Copenhagen a Denmark.