Yadda ake adana zuciyar rago don koyar da ɗaliban lafiya ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Ɗalibin da ya riƙe zuciya a hannunsa, ya zura yatsa cikin babbar jijiya har ya taɓa ƙofar da ke hana jini komawa baya, ba zai manta da ita ba. Hoton littafi ba ya yin wannan. Hanyar da Gunther von Hagens ya ƙirƙiro a Jamus a 1977, ta cusa roba cikin nama, tana buƙatar injin zuƙe iska da firiza mai tsananin sanyi, ga tsada. Amma Fawzy Elnady na Jami'ar Alƙahira ya fito da wata mai sauƙi, wadda ake yi a ɗaki ba tare da wutar lantarki ba. Ita zan bayyana.

Da farko je kwata da sassafe, ka roƙi mahauci ya ciro maka zuciyar rago ko ta akuya da jijiyoyinta dogaye, kada ya tsaga ta. Sassan jikin ɗan Adam kuwa sai ta hannun sashen da doka ta ba izini. Wanke zuciyar da ruwa har guda-gudan jini su fita, ka cusa auduga a ɗakunanta don kada su lotse.

Sai a jiƙa ta a fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa. Awo ɗaya a cikin awo tara na ruwa, kuma ruwan ya ninka girman zuciyar sau goma. A bar ta mako ɗaya zuwa biyu. Sa safar hannu da takunkumi, ka buɗe tagogi, domin fomalin yana cikin sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Bayan nan a ɗauraye ta da ruwa mai gudana kwana guda.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi yi wa gaggawa, kuma a nan aikin yake lalacewa. Tsoma zuciyar cikin sinadarin asiton don ya janye ruwan da ke cikin naman, ka canza sabo aƙalla sau uku, kusan mako guda tsakani. Idan ruwa ya saura a ciki, gilisirin, ruwa mai kauri da za a jiƙa ta a ciki a mataki na gaba, ba zai shiga sosai ba. Asiton yana kama wuta nan da nan, kuma a zafin watan Afrilu yana zama tururi ya tsere daga mazubi, don haka a zuba shi a kwalba ko ƙarfe mai murfi, a inuwa, nesa da janareta da murhu.

Daga nan ta shiga gilisirin tsantsa, mako ɗaya ko biyu. Ciro ta, ka bari ta tsane, sannan ka binne ta cikin garin sitacin masara a jakar yadi. Idan garin ya jiƙe a sake wani, har ta daina maiƙo. Kaɗe garin da burushi mai laushi.

Za ta fito da taushi, ba wari, ana lanƙwasa ta ana buɗe ɗakunanta huɗu. Ɗaura mata takarda mai suna da kwanan wata, ka ajiye ta a rufaffen akwati, nesa da laimar damina da ɓeraye.