Ƙarya ɗaya ta isa: kurakuran masu haɗa hoton mafarki

Matasan da ke koyon haɗa hoto a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na birnin Accra sun yi yawa yanzu, kuma abin farin ciki ne. Abin da ya ishe ni shi ne kuskure iri ɗaya a wayar kowa. Wannan ya sa motar turoturo, wato ƙaramar bas ɗin haya, tana shawagi a kan rufin kwanon Nima, wancan ya dasa hasumiyar fitilar Jamestown cikin kofin koko, kowa ya miƙo waya yana jiran a ce masa gwani. Tunanin yakan yi kyau. Hannun ne ke ɓata shi, kuma kusan kullum a wuri ɗaya.

Hoton da ya saɓa wa hankali ƙarya ɗaya yake iya ɗauka. Mota ta tashi sama, mun yarda, abin da muka zo kallo ke nan. To daga nan sauran komai dole ya faɗi gaskiya: haske, inuwa, tsayin da kyamara ta tsaya, launin iska. Idan waɗannan ma suka shiga ƙaryar, mai kallo ba ya ganin mota a sama, yana ganin yaro ya yanko hoto ya liƙa.

Mu fara da haske da inuwa, don nan ne aka fi kashe ni da takaici. Kafin ka yanko komai, ka dubi hoton da zai zama shimfiɗa ka tambayi kanka ina rana take. Amsar tana ƙasa, a inuwar falwaya da ta mutane da ta bakin rufi. Idan duk sun kwanta hagu, rana tana dama. Abin da za ka ɗora a kai, dole gefensa na dama ne mai haske. Sau da yawa sai in ga fuskar mutum ta sha haske daga hagu, gidan da ke bayansa kuma daga dama, wato rana biyu a gari ɗaya. Wani lokaci juya abin da ka yanko ya isa gyara, matuƙar babu rubutu a jikinsa. Idan motar turoturo ce mai addu'a rubuce a goshi, kada ka juya, ka je ka ɗauko wata.

Akwai abin da masu kwaso hotuna daga intanet ba sa lura da shi. Accra tana kusa da tsakiyar duniya, digiri biyar da rabi kawai a arewa. Da tsakar rana, ko a watan Disamba, inuwar mutum a nan ba ta wuce rabin tsayinsa da ɗan kaɗan, a wasu watannin ma a ƙarƙashin ƙafarsa take taruwa. A Landan kuwa, a wannan watan da wannan lokacin, inuwa tana kusan ninka tsayin mutum sau huɗu. Sai ka ɗauko doki ko jirgin ruwa da aka ɗauka a Turai da rana a kwance, haske ya bugi gefensa, ka ajiye shi a kasuwar Nima da azahar inda haske ke saukowa daga bisa kai. Babu maɓallin da zai daidaita maka wannan. Haka lamarin kaifi: rana tsirara tana ba da inuwa mai kaifin baki, hadarin Yuli da Agusta yana ba da mai laushi wadda da ƙyar ake ganin iyakarta. Ba a gwama su.

Sai inuwar da kuke zanawa da hannu. Wallahi na gaji da baƙin ƙwai da ake shafawa a ƙarƙashin mutum a ce inuwa ce. Ku fita waje ku dubi takalmin wanda ke tsaye. Daidai inda tafin silifa ya taɓa ƙasa akwai siririn layi mai duhu sosai, bai fi kaurin zare ba a hoto. Daga shi sai doguwar inuwar ta miƙa, da kaifi a kusa da ƙafa, tana ɗan dushewa a can wajen kai. Wannan siririn layin shi ke tsayar da mutum a ƙasa. Idan babu shi, mutumin yana lilo ko da ba ka nufa ba. Ni leya biyu nake yi, wato shafukan da ake ɗorawa a kan hoto a Photoshop, ɗaya ta layin, ɗaya ta doguwar, in sa su a zaɓin Multiply mai duhunta abin da ke ƙarƙashinsu. Launin kuma ba na ɗaukar baƙi. Ina tsamo shi daga wata inuwa ta gaske da ke cikin hoton, saboda inuwa a kan jar ƙasa ja ce mai duhu, a kan siminti kuma tana ɗan karkata zuwa shuɗi. Abin da ke shawagi ma yana da inuwa: gwargwadon nisansa da ƙasa, gwargwadon yadda take matsawa gefe tana laushi. Kuma ƙasan motar da ke bisa jar ƙasa yana samun ɗan jan haske da ƙasar ta mayar. Wannan ɗan jan kaɗai yakan sa mai kallo ya yarda.

Tsayin kyamara shi ne ƙanen wannan matsala. Je ka bakin teku a Jamestown ka tsaya: layin da ruwa ya haɗu da sama daidai idonka yake. Ka durƙusa, ya sauko tare da kai. Kowane hoto yana da wannan layin ko ba a ganinsa. Idan an ɗauki shimfiɗa daga bene, ana kallon rufin motoci, sannan ka ɗora mutumin da aka ɗauka daga durƙushe ana ganin ƙasan haɓarsa, ba za su taɓa zama tare ba. Ɗabi'ata ita ce in ja layi ja a sabuwar leya a inda idon kyamara yake, in daidaita kowane yanki da shi kafin in taɓa launi. Maganin da ya fi shi ne ka ɗauki kayanka da kanka, da waya ɗaya, a tsayi ɗaya, a sa'a ɗaya. Erik Johansson, ɗan Suwidin da kowa ke kwaikwayon hotunansa na tituna masu naɗewa, da kansa yake fita ya ɗauki ɓangarorin hotonsa bayan ya zana tsarin a takarda. Tun ma kafin kwamfuta, Oscar Rejlander ya haɗa hoto ɗaya daga gilasan hoto kimanin 30 a Ingila a 1857. Photoshop bai fito kasuwa ba sai 1990. Saboda haka kada wani ya ce mini tsohuwar kwamfutar da ya saya a kasuwar Circle ce ta hana shi.

Abu na biyu da ba na yafewa shi ne magogi da matse fayil. Wannan ya taɓa cin kuɗina, shi ya sa nake ɗaga murya. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ba mu aikin babban hoto na shagonta: 'yarta zaune a kan gajimare, turamen atamfa suna kwararowa ƙasa kamar ruwa. Yaron shagona ya yi aikin da kyau, ya goge gefuna da magogi, ya tattara leyoyin wuri ɗaya, ya adana JPEG, ya share sauran don wai kwamfuta ta cika. Hajiya ta zo ta duba ta ce, "Ɗana, aiki ya yi, amma wannan atamfar ta ƙare a shago, a sa wannan, sannan mayafin yarinyar an yanke masa gefe." Gefen mayafin ya tafi, babu inda za a samo shi. Yaron ya ce, "Maigida, bari in koma baya." Komawa bayan Photoshop tana mutuwa da zarar an rufe fayil. Daga farko muka sake, ranar biki ta matso, kuɗin bugu na gaggawa daga aljihuna ya fita.

Tun daga nan doka ce a wurina. Ba a taɓa magogi. Ana sa maski a kan leya, a shafa baƙi abu ya ɓuya, a shafa fari ya dawo, babu abin da ya ɓace. Fayil na asali yana zama PSD da leyoyinsa, kowace da sunanta, JPEG kuwa kwafi ne na nunawa. Kuma ga mai zama a garin da ya ɗanɗana dumso, wato yawan ɗauke wuta, adanawa kowane ɗan lokaci bai kamata sai an tuna masa ba. Manhajojin GIMP da Photopea duk suna da maski kuma kyauta ne, don haka rashin kuɗi ba hujja ba ce.

Kusa da wannan akwai WhatsApp. Idan aka turo hoto ta hanyar da aka saba, yana matse shi. Hoto mai faɗin fiksel 1600, idan za a buga shi da fiksel 300 a kowane inci, inci biyar da ɗoriya kawai zai ba ka, alhali takardar A3 tana son kusan 3500 a faɗi da 5000 a tsawo. Ka ce a turo maka a matsayin fayil, ko ka kai filashi.

Sauran ƙanana ne. Shuɗin sama da ke maƙalewa a gefen gashi ko hula bayan yanka, ka ci shi da maski da buroshi ƙarami. Abin da ke nesa ya kamata ya fi na kusa dushewa, musamman a hoton hunturu mai ƙura. Yanki mai tsabta fes a kan shimfiɗa mai tsaki-tsaki yana tona kansa, ka watsa ɗan tsaki a kan duka a ƙarshe. Fata kuma a bar mata ramukanta, kada garin gyaran gira a rasa ido, kuma wanda ya zo da baƙar fatarsa a mayar masa da ita yadda take. Wata da tsuntsaye da walƙiya da malam-buɗe-littafi duk a hoto ɗaya, wannan tsoron fili ne, cire uku. Fuskar mutum kuwa ba a ɗora ta a ko'ina sai da izininsa, kuma ni ba na wasa da hoton masallaci, ko babban na Kanda ko na unguwa.

Sai ku masu duba aikin wasu. "Masha Allah, ya yi wuta" ba gyara ba ne, "wannan shirme ne" ma ba gyara ba ne. Idan aka miƙo mini hoto, ina mayar da shi baƙi da fari tukuna, don launi yana ɓoye yankin da ya fi sauran haske ko duhu. Sannan in juya shi hagu zuwa dama, ido ya gan shi sabo. Sannan in ƙanƙance shi ya koma kamar tambarin wasiƙa, in ga ko har yanzu ana gane abin mamakin. Bayan haka abu ɗaya nake faɗa, mafi girma, in nuna wurin da yatsa. Idan ka lissafa wa mai koyo guda goma, babu wanda zai gyara. Kai kuma mai aikin, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kada ka tsaya bayyana mini abin da kake nufi, hoton zai fita duniya ba tare da bakinka ba. Ka kai wa mai kokon layinku ta gani. Idan ta fara tambayar yadda motar ta hau sama, ka ci. Idan ta ce wa ya liƙa wannan, ka koma ka duba ƙarƙashin tayoyin.