Yadda ake buga hoton katako mai launi irin na Japan, yadda Henri Rivière ya yi

A 1890 aka baje hotunan Japan sama da 700 a École des Beaux-Arts, makarantar koyon zane da ke Paris. Mary Cassatt, mai zane 'yar Amurka, ta kwaikwayi salonsu a farantin tagulla, ta fitar da hotuna 10 a 1891. Henri Rivière kuwa, mai zane ɗan Faransa, ainihin hanyar aikin Japanawa ya ɗauka: katako, launin ruwa, bugu da hannu. Da haka ya buga hotunan gaɓar tekun Bretagne a Faransa.

Kowane launi da allonsa. Masu sana'ar a Japan itacen ceri suke sassaƙawa, amma yana da tsada. Mai koyo ya nemi falankin shina, wani itacen Japan mai sauƙin sassaƙa. Fara da allon zane, wato mai ɗauke da layukan hoton, ka buga shi, ka liƙa bugun a sauran allunan, fuskarsa a ƙasa, sannan ka sassaƙe su. A kowane allo yanka kento: kusurwa ɗaya da ɗan layi miƙaƙƙe, inda gefen takarda zai riƙa zama.

Masu koyo kan ɗora wa kento laifi idan launi ya zarce layi, alhali yawanci danshin takarda ne. Takarda tana buɗewa in ta sha ruwa, tana tsukewa in ta bushe. Ka buga shuɗi da safe, ka bar ta a iska, ka buga ja da yamma, ba za su taɓa haɗuwa ba. Shafa wa jaridu ruwa da buroshi, jera takardun a tsakaninsu, sa a leda su kwana. Da safe taɓa ɗaya da bayan hannu: ta yi sanyi, ta yi laushi, amma kada ta yi ƙyalli. In ta yi ƙyalli ruwa ya yi yawa, launi zai malale. Kana ɗaga ta daga allo, mayar da ita leda. Kada a wuce kwana uku, sai ta yi fumfuna.

Dama garin shinkafa a wuta ya yi kamar talge. Jiƙa allon, ɗiga launi da ɗigon talgen nan, gauraya su da buroshi a kan allon. Talge kaɗan, bugu ya fito da ɗige-ɗige. Da yawa, ya cika ramukan sassaƙa. Ɗora takarda a kento, murza bayanta da baren, faifan nan mai rufin ɓawon gora. Launi mai haske ake fara bugawa.