Babi na 6: Ɗinka Ƙafafun 'Yar Tsanar Hannu

A babin da ya wuce mun gama kai da gangar jiki. 'Yar tsanarmu tana buɗe baki, tana ɗaga hannu, amma idan aka zaunar da ita a bakin tebur ko a cinyar malama sai a ga riga kawai tana lilo. Yara ba sa raga wa irin wannan. Kafin a fara tatsuniya wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malama, ina ƙafarta?" Aikin yau ke nan.

Awon da ke cikin wannan babi na 'yar tsana ce mai tsawon inci 12 daga wuya zuwa ƙugu. Idan taku ta fi haka girma ko ƙanƙanta, ku riƙe wannan: tsawon ƙafa ya yi kusan daidai da tsawon gangar jiki, ko ya gaza da kaɗan.

Kayan aiki

Rabin yadi ya isa har ya yi saura. Yadi mai laushi da ke buɗewa idan an ja shi ya fi daɗin aiki, irin na rigar sanyi ko bargon jarirai. A nan Jos ba sai an wahala ba, gwanjon kasuwar Katako cike yake da su, kuma bayan rigar sanyi ɗaya ta babba yana fitar da ƙafa biyu. Atamfa ma tana yi, sai dai bakinta yana zarewa, kuma ba ta yafe kuskuren awo. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da mai laushin.

Sai zare mai ƙarfi kalar yadin, allura, fil kamar 12, almakashi, allin tela, tef na awo, kwali, da abin cusawa: fiba irin ta matashin kai, ko auduga. Duk ana samun su a wajen masu kayan ɗinki a kasuwar Taminus. Ku nemo kuma tsohon silifas mara kauri da tsakuwa ƙanana cokali 4, a wanke ta, a shanya ta bushe.

Ku duba tef ɗinku kafin mu ci gaba. Tsakanin lamba 1 da lamba 2 akwai gida takwas. Gida huɗu rabin inci ne, ana rubuta shi ½. Gida biyu rubu'in inci ne, ana rubuta shi ¼. Waɗannan biyun za su yi ta dawowa.

Zanen samfuri

A kan kwali za ku zana abu biyu. Na farko gefen ƙafa ne, kamar safa da aka shimfiɗa a ƙasa. Tsawonsa daga sama zuwa ƙasa inci 11. Faɗin cinya inci 3, yana raguwa a hankali har ya zama inci 2½ a idon sawu. Gindinsa, daga diddige zuwa kan yatsu, inci 5. Tudun wajen yatsu inci 1½, a lanƙwasa shi, kada ya yi tsini.

Na biyu tafin ƙafa ne, mai siffar ƙwai: tsawo inci 4, faɗi inci 2¼.

A nan ne mutane da yawa suke cewa an yi kuskuren rubutu. Gindin ƙafa inci 5, tafi kuma inci 4? Babu kuskure. Gefe biyu za a haɗa, kowanne inci 5, bakinsu ya zama zobe mai inci 10. Tafin kuwa ba tsawonsa ne zai shiga zoben ba, kewayensa ne. Ku ɗauki zare ku bi bakin kwalin tafin har ku dawo inda kuka fara, sannan ku miƙe zaren a kan tef. Za ku ga inci 10, ko kusa da haka. Wanda ya yanka tafi mai tsawon inci 5 don ya yi daidai da gindi, kewayensa zai kusa inci 12. Rarar nan ta inci 2 ba ta da wurin zuwa, sai ta tattare a diddige kamar bakin buhu. Duk lokacin da kuka canza girman ƙafa, ku sake yin wannan awo na zare. Idan zaren ya wuce, a rage tafin kaɗan-kaɗan. Idan ya gaza, a sake zana wani.

Yanka

Ku ja yadin ta tsaye, ku ja shi ta kwance. Ta ɗaya ya fi buɗewa. Wannan ɓangaren mai buɗewa shi ne zai kewaya ƙafa, ba shi zai bi tsawonta ba. Idan aka juya, nauyin tsakuwa zai riƙa jan ƙafar, bayan wata biyu a ga ta ƙara tsawo ta kuma rame, sau da yawa ma ɗaya ta fi ɗaya.

Ku ninka yadin biyu, fuska tana kallon fuska, baya a waje. Ku ɗora samfurin, ku bi bakinsa da alli. Wannan layin na ɗinki ne, ba na almakashi ba. Almakashi zai bi ta waje da shi da ¼, a saman cinya kuwa a bar ½. Yanka ɗaya ya ba da gefe biyu masu kallon juna. A maimaita don ƙafa ta biyu, sannan a yanka tafi biyu. Amfanin ninkawa shi ne kada ku tashi da gefe huɗu duk masu kallon hannu ɗaya, wanda dole biyu su fito da bayan yadi a waje.

Ɗinki

A kowace ƙafa layi biyu ne: na gaba, daga cinya ya bi ƙwauri ya sauka kan yatsu, da na baya, daga cinya zuwa diddige. Sama da gindi a bar su a buɗe. A keke, a rage tazarar ɗinki ya zama kamar 12 a inci ɗaya, domin cusawa tana matsa wa ɗinki. Keken ƙafa irin su Butterfly yakan tsallake ɗinki a yadi mai buɗewa. Idan ya fara haka, a sa sabuwar allura, a kuma shimfiɗa takardar littafi a ƙarƙashin yadin, a ɗinka tare, a yage takardar daga baya. Mai ɗinkin hannu ya yi ɗinki mai komawa baya, kowane taku kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Ɗinkin shiga-da-fita na kama kaya ba zai riƙe ba.

Bayan ɗinki, ku duba lungun da ƙwauri ya haɗu da saman ƙafa. Ku yi wa rarar yadin wurin 'yan tsage uku ko huɗu da bakin almakashi, ku tsaya kafin zare. Idan ba a tsaga ba, wurin zai ɗame ya yi tamoji bayan an juya.

Yanzu tafi. Kada ku juya ƙafar tukuna. Ku ninka tafin ta tsawo ku sa alamar alli a kan yatsu da diddige, ku sake ninka shi ta faɗi ku sa alama a gefe biyu. Alamar yatsu ta hau kan ɗinkin gaba, ta diddige ta hau ɗinkin baya, na gefe su hau tsakiyar kowane gefe. Fuskar tafin tana kallon cikin ƙafa. Fil huɗu a waɗannan wurare, sannan ɗaiɗai a tsakaninsu. Mu dai shawararmu a ɗinka tafi da hannu ko da akwai keke. Zoben ƙarami ne, keke yakan haɗiye yadin da ba a so ya kama, kuma warware ɗinki a yadi mai gashi-gashi aiki ne mai cin rai.

A juya ƙafar ta saman cinya. A tura yatsu da bayan fensir, ba da bakin almakashi ba.

Cusawa

Ku yanka silifas da samfurin tafi, ku rage bakinsa kaɗan, ku lanƙwasa shi ku tura har ya kwanta a ƙasa. Shi zai sa tafin ya zauna sumul maimakon ya kumbura kamar ƙosai. Kwali ma yana yi a ranar farko, amma daminar Jos doguwa ce, yana shan danshi ya yi laushi, wanki ɗaya kuma ya gama da shi.

A kan silifas ɗin a ɗora tsakuwa cokali 2, ɗaure cikin ɗan ƙyalle da aka ɗinke bakinsa. Ita ke sa ƙafa ta yi lilo kamar ta mutum idan 'yar tsana ta motsa. Wasu suna zuba shinkafa ko wake. Kada ku yi. Ƙwari suna shiga, ɓera yana huda yadi ya bi su, idan kuma ruwa ya taɓa sai fumfuna da wari. 'Yar tsanar da yara 'yan ƙasa da shekara 3 za su riƙa ɗauka kuwa, a bar tsakuwar gaba ɗaya, don kada ɗinki ya ɓalle yaro ya kai baki.

Fiba ana sa ta ne kaɗan-kaɗan, kowane yagi kamar girman goro, a baza shi da yatsa kafin a tura. Wanda ya dunƙula ta da yawa don ya gama da wuri zai samu ƙafa mai ƙulu-ƙulu kamar buhun dankali, kuma ba ta gyaruwa sai an fitar da komai. Yatsu da diddige da idon sawu a cika su sosai. Idon sawun da bai cika ba yana karyewa, yatsu su riƙa kallon ƙasa.

Ku yi ƙafa biyun tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. A sa yagi uku a wannan, a sa uku a waccan, a jera su a duba.

Gwiwa da haɗawa da jiki

Ku auna inci 5 daga layin allin saman cinya, ku sa alama. Nan ce gwiwa. A tsayar da cusawa ½ kafin alamar. Sai ku matse ƙafar yadda ɗinkin gaba zai kwanta daidai kan ɗinkin baya, su biyun a tsakiya, ku ɗinka layi a kwance sau biyu. A bar wani ½ babu komai a sama da layin, sannan a ci gaba da cusa cinya, sako-sako, ba kamar ƙwauri ba. Inci ɗaya na can sama a bar shi fanko.

Wannan matsewar ita ce sirrin babin duka. Idan aka matse ta ɗaya hanyar, ɗinki a gefe da gefe, wanda shi ne hannu ya fi saurin yi don haka yadin yake son kwanciya, gwiwa za ta riƙa lanƙwasa ta gefe, yatsu kuma su kalli gabas da yamma kamar na agwagwa. Haka za a matse saman cinya ma: ɗinki a kan ɗinki, a tsakiya.

Ƙafafun suna kama bakin rigar jiki ne ta gaba kawai, daga ciki. Baya na hannun mai wasa ne, idan aka ɗinke shi hannu ba zai shiga ba. A bar tazarar inci 1 tsakanin cinya da cinya. Ku kama su da fil tukuna, ku sa hannu a cikin 'yar tsanar, ku ɗaga ta gaban madubi ko gaban 'yar ajinku. Yatsu suna kallon gaba? Diddige biyu suna kan layi ɗaya? In haka ne, a ɗinka sau biyu da zare ninki biyu, a ƙulle farko da ƙarshe da kyau, domin ta ƙafa yara suke jan ta.

Mai son yatsu su fito sai ya sa zare ninki huɗu a doguwar allura, ya soka daga ƙarƙashin tafi, ½ daga baki, ya fito ta sama, ya zagayo ta gaba ya ja ya ƙulle. Sau uku a jere yana ba da yatsu huɗu, kuma huɗun sun isa, biyar cunkushewa suke yi a faɗin inci 2¼. Amma sai an rage tsawon silifas ɗin ta gaba da kamar ¾ tun kafin a tura shi, in ba haka ba allura ba za ta wuce ba. Wanda ba ya son wannan wahala ya yanka tafin da wata kala daban, sai ya zama kamar takalmi.

Aikin gida

Kowa ya zo aji na gaba da samfurinsa na kwali guda biyu, an rubuta awon kowane gefe a jikinsa da lamba, da kuma zaren da ya auna kewayen tafi, a yanke shi daidai tsawonsa. Za mu ɗora kowane zare a kan tef kafin kowa ya taɓa almakashi.