Yadda Ake Kwashe Hatsi Daga Rumbun Ƙarfe Ba Tare Da Asarar Rai Ba

A rumbun gargajiya, idan za a ɗebo abinci, buɗe saman ake yi a zura yaro ya miƙo dami. Gero da dawa suna kan zangarniyarsu, ba sa zubewa, yaro ya taka ya fito lafiya. To yanzu ga manyan rumbunan ƙarfe a kamfanonin casar shinkafa da masu haɗa abincin kaji a Kano da Kaduna, amma wannan al'ada ta "shiga ka duba" tana nan. Ita ce abin da nake tsoro, domin tsabar masara ko shanshera ba dami ba ce. Idan ana janta ta ƙasa, gudu take kamar yashin kogi. Cikin daƙiƙa 4 zuwa 5 ta riƙe mutum har gwiwa, kafin rabin minti ta rufe kansa. Aikin kwasa na inji ne, mutum yana waje.

Ka fara sanin kayan aikinka. A ƙarƙashin daɓen rumbun akwai dogon bututu mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, shi ke tura hatsi waje zuwa mota ko wurin ɗurin buhu. Mu kira shi injin murɗa. A daɓen kuma akwai ƙofofi: ɗaya a tsakiya, sauran a jere zuwa bango. Akwai injin shara, mai zagaya daɓen kamar hannun agogo yana tattaro saura. Wasu wuraren suna da injin zuƙa mai mesa. Kafin a kunna komai, a duba bel da murfin da ke kare shi. Mai babbar riga ko rawani mai jela kada ya matso kusa da abin da ke juyawa.

Mataki na farko, a ba rumbun iska. Idan an sa ƙwayar Phostoxin don kashe ƙwari, a buɗe ƙofar rufi a kunna fanka har wa'adin da aka rubuta a gwangwanin ya cika, sannan a gwada da na'urar auna iska. Hanci ba ya isa shaida, gubar tana iya nan alhali ba ka jin wari. Taba da walda kuma a nisanta su, ƙurar hatsi tana kama wuta har ta fashe.

Na biyu, a buɗe ƙofar tsakiya, ita kaɗai. A nan ne masu gaggawa suke yin ɓarna. Ƙofar gefe ta fi kusa, direba yana matsa hon, sai a ce a buɗe ta a huta. Idan hatsi ya zube ta gefe guda, nauyin da ya rage sai ya danne ɗaya ɓangaren, bango ya lotsa, wani lokaci rumbun ya durƙushe gaba ɗaya. A kunna injin murɗa babu kaya, sannan a ja ƙofar kaɗan kaɗan don kada ya shaƙe. A bar shi har hatsi ya daina gangarowa da kansa. Daga nan a buɗe ƙofar da ke bi wa ta tsakiya, a riƙa matsawa zuwa bango ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, a leƙa ta ƙofar rufi da tocila. Hatsin da ke fita daidai yana yin rami a tsakiya kamar mazurari. Idan an cika mota guda amma saman yana nan shafe kamar ba a taɓa ba, to ɓawo ya yi: danshi ya dunƙule saman, ƙarƙashinsa kogo ne. Wanda ya taka ya rufta. A tsaya a waje, a ɗaura doguwar gora da igiya a riƙa soka ɓawon har ya karye, ana lura da wayar lantarki a sama. Haka ma wanda ya manne a bango, daga sama ake kankare shi, ba a tsayawa ƙarƙashinsa. Yawanci asalin matsalar tun ranar zuba ne, masarar da danshinta ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 ita ke dunƙulewa.

Na huɗu, idan shiga ta zama dole, a kashe kowane inji daga babban makunni, a sa kwaɗo, wanda zai shiga ya jefa makullin a aljihunsa. Ina nanata wannan saboda halin wutarmu. An ɗauke wuta, inji ya yi shiru, yaro ya sauka, sai a dawo da ita ko wani ya tada janareta bai san da mutum a ciki ba. Mai shiga ya sa takunkumi, ya ɗaura ɗamarar kariya da igiyar da aka ɗaure a sama, ba sako-sako ba. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa ba shi da wani aiki sai kallonsa, wani kuma a ƙasa.

Na biyar, shara. Sai ƙofofin daɓe duk sun gama aikinsu ake kunna injin shara, daga waje. In ya maƙale, a kashe a kulle kafin a taɓa shi, ba a tura shi da ƙafa. Abin da ya rage a kwashe da injin zuƙa ko shebur da tsintsiya, ƙofofin daɓe a rufe da ragarsu.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, a kashe injin murɗa nan take, a kunna fanka don iska ta isa gare shi, a kira 'yan kwana-kwana. Kada a fizge shi da igiya ko mota: wanda hatsi ya kai wa ƙugu, ƙarfin ciro shi ya ninka nauyinsa fiye da sau biyu, sai a gurɗe masa baya. A kafa faifan ƙarfe ko katako a kewaye shi, a kwashe hatsin da ke cikin da'irar da injin zuƙa ko bokiti. Masu ceto su shimfiɗa katako su taka a kai, don kada sawunsu ya ƙara gangaro masa da hatsi.