Maniyyaci, ka fara horar da ƙafarka tun daga Zariya

Kakanninmu a ƙafa suke zuwa Makka, ta Barno da Chadi, su ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu su yi shekaru a hanya suna ƙwadago don neman guzuri. Mu jirgi ke kai mu, amma kwanakin Mina da Arfa da Muzdalifa har gobe na ƙafa ne. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kilomita 3, ga ɗawafi, ga zuwa jifa da dawowa tanti kullum. Idan motoci suka cushe daren Muzdalifa, ƙafarka ce motarka.

Don haka da zarar ka biya kuɗin kujera, rage hawan acaba. Bayan sallar asuba ka taka daga Kofar Doka zuwa Tudun Wada ka dawo. In jiki ya saba, miƙa har Sabon Gari, daga baya ka gwada Kwangila zuwa Samaru. Wani lokacin ka fita da hantsi, domin ranar Makka ba ta san sanyin safiyar Zazzau ba. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Wannan kaɗai ya isa ka riƙe lema da gorar ruwa ko'ina za ka.

Maganar takalmi ita ce na fi damuwa da ita. Don Allah kada ka ajiye sabon silifas a leda sai ranar ɗaura harami. Sa shi yanzu, ka tattaka shi har ya kwanta da ƙafarka. Na ga wani dattijo a hanyar jifa zaune gefen titi, tsakanin babban yatsa da na kusa da shi ya yi bororo ya fashe, igiyar silifas duk jini, askarawa kuma suna ta cewa a wuce, ba a tsayawa. Filasta ɗaya a jakar ƙugu da ta rufa masa asiri. Maza kuma, tunda babu wando a harami, cinya kan gogu ta saɓule; shafa Vaseline marar ƙamshi kafin ka fita.

A Mina, kar ka bi masu gaggawa. Riƙe taki ɗaya, ka sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ka ba, ka jefa dabino biyu uku a baki. Kafin ka bar tanti, haddace lambarsa, ka kuma ɗauki hoton allon unguwar a waya, don tantunan kamarsu ɗaya. Tsakuwar jifa ka tsince ta a Muzdalifa ka zuba a gorar roba: 49 in za ka bar Mina ranar 12 ga watan Zulhajji, 70 in za ka kai 13.

Hajiya da Baba masu ciwon suga ko hawan jini, ku ga likita tun kafin ku fara wannan atisaye. Wanda bai iya kaiwa wurin jifa ba, an yarda ya wakilta wani ya jefa masa. Ku tambayi malamin bita yadda ake yi.